HOB ƊIN DA YA ƘI FITA

A jikin mota akwai abubuwan da kowa ya san sunansu, kamar inji da birki da sitiyari. Akwai kuma waɗanda ba mai tunawa da su sai ran da suka lalace. Boris yana cikin kashi na biyu. Ina da tabbacin a cikin 'yan ajinmu ba a sami mutum biyar da suka taɓa riƙe shi a hannu ba, alhali kuwa duk motar da ta kawo mu makaranta a kansa ta mirgino. To, labarin boris zan ba ku, da yadda wani ɗan ƙarfe da bai fi cikin tafi biyu ba ya tsayar da cin abincin gidanmu har kwana biyu a hutun damina na shekarar 2024.

Babana tsohon malamin firamare ne. Da ya yi ritaya sai ya haɗa abin da aka ba shi da ɗan abin da ya tara, ya sayi mota Corolla ƙirar 2005, irin waɗanda mutane ke ce wa 'yar Kwatano. Da ita yake ɗaukar fasinja tsakanin Kano da Wudil. Da ita muke ci, da ita ake biya wa ƙannena kuɗin Islamiyya, da ita kuma ake sayo mini garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da sabulu idan zan koma makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ribar wannan sana'a ta ragu ƙwarai, har ya zama idan motar ta kwana ɗaya ba ta fita ba, Umma takan gane a tukunyarta.

Saura kwana tara a koma makaranta Baba ya dawo gida da magariba ya ce motar tana wani irin kuka daga baya. Ba ƙara ce ta bugawa ba, gunji ne kamar na jirgin sama da ke nesa. Idan ya ƙara wuta gunjin ya ƙaru, idan ya rage ya ragu. Ya ce ya cire giya ya bar ta tana gangarawa, amma kukan bai canja ba, saboda haka ya san ba inji ba ne. Wanshekare da sassafe muka kai ta wurin Kawuna, ƙanen Umma, wanda yake bakanike ne. Garejinsa ba wani gini ba ne, inuwar darbejiya ce guda biyu da akwatin kayan aiki da benci. Ni kuwa tun ina aji ɗaya a nan nake yin hutuna, ina wanke noti da kananzir ina miƙa sifana.

Kawu bai taɓa sifana ba tukuna. Ya karɓi makulli, ya ce in shiga baya in kasa kunne. Da muka hau titi babu kowa sai ya riƙa karkata sitiyari a hankali, hagu, dama, hagu, dama. Duk lokacin da ya karkata hagu gunjin sai ya ƙaru, idan ya koma dama sai ya yi sauƙi. Ya ce mini, "Ka ji? Idan mota ta karya hagu nauyinta yakan koma ƙafafun dama. Wanda ya yi kuka da aka ɗora masa kaya shi ne marar lafiya." Da muka dawo ya sa aka ɗaga ƙafar baya ta dama da jak. Ya juya tayar da hannu, ya ce in kama sifirin ɗin da ke bayanta. Sai na ji wani ɗan kakkarwa yana shiga yatsuna kamar ana niƙa tsakuwa a nesa. Muka gwada ta hagu, shiru. Ya kuma kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta ɗan yi wasa. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, boris ne. Kada ka ƙara ɗaukar mutane a kanta sai an canja."

Bari in ɗan tsaya in yi bayani domin waɗanda ba su taɓa gani ba. Taya tana juyawa, amma gatarin da ke ɗauke da nauyin mota a tsaye yake. Da za a bar ƙarfe yana gugar ƙarfe haka nan, da ba a daɗe ana tafiya ba sun yi zafi sun lalace. Saboda haka ake sa 'yan ƙwallayen ƙarfe masu sulɓi tsakanin zobba biyu, a cika su da giris, domin mirginawa ta maye gurbin guga. Wannan shi ne boris. Na auna tayar Baba da igiya, kewayenta ya kusa mita 2. Ke nan a kowace kilomita takan juya wajen sau 500. Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne, watau juyi dubu 20 a zuwa kaɗai. In mota tana gudun kilomita 100 a awa, tayar tana juyawa kusan sau 14 kafin mutum ya ce "ɗaya". Duk wannan ga buhunan masara a but, ga ramuka, ga ruwan damina da yakan kwanta a hanya ya shiga ta inda robar da ke tsare giris ta tsufa. Ni dai a ganina boris ɗin da ya yi shekara goma sha tara yana wannan bauta bai ci bashin kowa ba.

Kawu ya koyi aiki ne a kan Peugeot 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975, kuma har yanzu idan yana maganarsu sai ka ce maganar tsohon aboki yake yi. Ya ce a motocin da, har ma da ƙafar bayan Golf da aka yi tasi da ita, ana kwance boris a wanke shi da kananzir, a duba, a cusa sabon giris, a ɗaure noti daidai a sa masa fil. Amma a irin motar Baba masu ƙira sun haɗe komai wuri ɗaya. Boris ɗin, mai layi biyu na ƙwallaye, a rufe yake ruf a cikin wani dunƙulen ƙarfe, tare da faifan da ke ɗauke da kusoshi biyar da ake ɗaure taya a kansu. Wannan dunƙule shi ake kira hob. Ba a buɗe shi, ba a sa masa giris. Idan ya mutu sai a cire shi gaba ɗaya a sa wani. Da yake motar da ƙafafun gaba take ja, ba wani shaf da ke shiga na baya. Noti huɗu ne kurum suke riƙe da shi a jikin gatari.

"Aikin minti arba'in ne," in ji Kawu. Baba ya ji daɗi, ya ce ashe zai samu lodin la'asar. Ya hau Adaidaita Sahu ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, ya sayo hob da kuɗin da aka ware domin kayan makarantata, a kan cewa aikin kwana uku zai mayar da su.

Muka sa duwatsu a gaban tayoyin gaba da bayansu. Muka sassauta notin taya tun tana ƙasa, kana aka ɗaga, aka tura kututturen ice a ƙarƙashin motar, domin Kawu ba ya yarda kowa ya sa ko da hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Aka sauke birkin hannu. Duram ɗin birki ya ɗan yi gardama, amma akwai wasu ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskarsa, waɗanda aka yi su don irin wannan rana. Kawu ya ɗaura noti biyu a ciki, yana juya wannan yana juya wancan, sai ga duram ya turo kansa waje. Ya zare wayar na'urar da ke hana birki ƙullewa, wadda ake ce wa ABS, daga bayan hob. Sa'an nan ya zura sifana ta ramin da ke jikin faifan, ya kwance noti huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Suka fito suna kuka, jajawur da tsatsa.

A ƙa'ida da noti na huɗu ya fita sai hob ya faɗo a hannunka. Kawu ya ja, bai motsa ba. Ya ɗan buga shi da guduma ta gefe. Ƙarar da ta fito ba ta abu biyu da aka haɗa ba ce, ƙara ce ta ƙarfe guda. Ya kwanta ya leƙa ta baya da tocila, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tashi ya buɗe ƙofar direba ya nuna mana wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa. An yi rubutu da Turanci da Faransanci, ga kuma hoton ganyen nan da ke jikin tutar Kanada. Ya ce, "Na faɗa. 'Yar ƙasar gishiri ce."

Abin da yake nufi shi ne, a Kanada da arewacin Amurka, idan hunturu ya yi ƙanƙara takan rufe tituna. Sai hukuma ta riƙa bin hanya tana watsa gishiri, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar tsurar ruwa. Idan ya ji gishiri sosai sai sanyi ya kai wajen digiri 21 ƙasa da sifiri kafin ya daskare. Wannan ruwa shi tayoyi ke fesawa a ƙarƙashin mota wata da watanni kowace shekara. Waɗanda suka yi gwajin ƙusoshi a ɗakin gwaje-gwaje za su tuna: ƙusar da aka hana wa ruwa ba ta yi tsatsa ba, wadda aka hana wa iska ba ta yi ba, wadda ta samu duka biyun ta yi, amma ta cikin ruwan gishiri ita ta riga kowa ja. Sa'an nan akwai abin da ban gane muhimmancinsa sosai ba sai a gindin darbejiyar nan, watau tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma. Idan ƙarfe ya zama tsatsa kumbura yake yi. Gindin hob yana shiga cikin wani rami ne a ƙarshen gatari, kuma an yi su daidai wa daida, tsakaninsu ko takarda da ƙyar ta shiga. Tsatsa ta tsiro a wannan ɗan tsakani, ta kumbura, ba ta da inda za ta, sai ta matse su kamar an yi musu walda. Motar ta baro Kanada shekaru da yawa, amma ta taho da guzurinta.

Babban yaron Kawu, wani ƙaƙƙarfa da ke gab da samun 'yanci, ya ɗauko babbar guduma irin ta fasa dutse. Ya ce, "Oga, ka ba ni duka uku kurum." Kawu ya ce ya ajiye. Yaron bai ji daɗi ba, Baba ma na ga alamar ya so a bar shi ya gwada, gama rana tana yi. Sai Kawu ya zaunar da Baba a benci ya yi masa lissafi. Tsakanin hob da gatari akwai wani faranti marar kauri wanda birki gaba ɗaya yake zaune a kansa, kuma akwai siririn bututun ƙarfe na man birki da ke shiga jikinsa. Idan guduma ta kauce ta sami farantin, ya lanƙwashe. Idan bututun ya tsage, babu birki. Mafi muni kuma, idan ƙarshen gatarin ya karkace ko da kaɗan ne, tayar za ta riƙa tafiya a karkace tana cinyewa ta gefe ɗaya, kuma ba shi da magani sai sayen gatari sukutum. "Malam," in ji shi, "kuɗin hob ka samu da ƙyar. Kana da kuɗin gatari?" Baba ya yi shiru.

Daga nan Kawu ya ce in karɓi wayar Baba in ɗauki hoton birkin yadda yake. Ya kwance takalman birkin da sifirin ɗinsu, ya jera su a kan buhu can nesa, domin idan mai ya taɓa su sun tashi daga aiki. Ya ba ni buroshin ƙarfe na kankare duk inda hannu zai kai, gaba da baya, har layin da hob ya haɗu da faranti ya fito. Ya fesa man gwangwani mai ratsa tsatsa, ya bi da haɗin da yake yi da kansa, na kananzir da man giya. Sa'an nan ya ɗauki ƙaramar guduma ya riƙa ƙwanƙwasa kewayen a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Ya ce ba don ya fita yake bugu ba, don girgizar ta buɗe wa mai hanya ne. Haka muka yi ta yi, a fesa, a jira, a ƙwanƙwasa, har aka kira la'asar. Hadari ya taso, muka ɗaure ƙafar da leda, muka bar motar a kan kututture.

Daren nan ba wanda ya yi maganar makaranta a gidanmu. Akwatina yana nan a buɗe a kusurwar ɗaki, ba komai a ciki sai littattafai da yunifom. Umma ta yi tuwo ba nama. Na ji Baba a zaure yana gaya wa wani fasinjansa na kullum ta waya cewa ya nemi wata motar gobe. Dokar makarantarmu kuwa kun san ta, wanda ya makara a ranar dawowa sai ya zo da mahaifinsa, wanda kuma ya dawo ba guzuri shi ya san yadda makon farko yake.

Da gari ya waye muka koma. Man ya ratsa, domin mun ga ya ɓullo ta baya yana ɗiga ja. Kawu ya canja dabara. Ya ce abin da ya ƙi jawuwa wani lokaci yakan yarda da murɗawa. Ya ɗora kurfi a gefen kunnen hob, inda noti yake shiga, ya buga ta yadda zai juya shi kamar murfin kwalba. Ya koma ɗaya kunnen ya buga ta wancan gefe. Ya yi haka ya fi sau talatin. Garin tsatsa yana zuba, amma hob yana nan.

Sai ya mayar da noti biyu cikin ramukansu, ya juya su zare uku-uku kawai, domin in abin ya saki kada ya yi tsalle ya tafi da birki. Ya aiki yaro ya ɗauko wani mataccen duram a cikin tarkace, ya kifa shi a kan kusoshin taya ta bai-bai, ya sa noti sako-sako yadda duram zai iya zamewa gaba da baya. Ya riƙa tura shi ciki yana fizgowa da ƙarfi. Wannan ita ce gudumar fizga ta talaka. A fizga ta goma sha wani abu sai ya ɗaga hannu ya tsaya. Abu biyu ya gani. Na farko, faifan ya fara yin wasa fiye da da, alamar boris ɗin yana shirin rabuwa biyu, kuma in ya rabu faifan zai fito ya bar gindin a ciki ba abin kamawa. Na biyu, farantin birki ya fara biyo hob, bututun man birki ya miƙe kamar tsirkiya. Ya aike ni wurin kafinta na aro abin matse katako guda biyu, ya kama farantin da ƙarshen gatari ya ɗaure su tamau. Sa'an nan ya goge hannu ya ce, "Saura wuta."

Wuta kuwa a wannan wuri ba abin wasa ba ce. Tankin fetur ɗin motar yana ƙarƙashin kujerar baya, bai fi taki ɗaya daga inda muke ba. Ga tiyon roba na birki, ga shokazoba da ke da matsattsiyar iska a ciki, ga man da muka kwana muna zubawa. Kawu ya sa na goge man sarai. Ya jiƙa buhunan algarara biyu ya lulluɓe tiyo da shokazoba da gefen tanki, ya sa wani falle na kwano a tsakani. Ya ajiye bokitin ruwa da na yashi, ya shinshina ko'ina ko akwai warin fetur. Kana ya aika aka kira wani dattijo mai waldar gas da ke bakin titi, ya turo tulunansa a baro.

Dattijon ya kunna wuta ya nufi tsakiyar hob da ita, gama nan ne ya fi sauƙin kaiwa. Ni kuwa a zangon da ya wuce malamin Fiziks ya nuna mana gwajin ƙwallo da zobe. Ƙwallon tagulla yana wucewa ta cikin zobe. Da aka gasa ƙwallon ya ƙi wucewa. Da aka gasa zoben kuma sai ya wuce a sake, domin idan ƙarfe ya yi zafi har ramin da ke jikinsa faɗi yake ƙarawa. Na matsa kusa da Kawu na ce a hankali, "Kawu, ai hob shi ne ƙwallon, gatari shi ne zoben." Ya ce, "Me ka ce?" Na gaya masa gwajin. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, mu ma mun san haka, sunansa ne ba mu sani ba." Ya juya ya ce wa dattijon, "Baba, ta baya za ka bi, ka kewaya bakin ramin. Kada ka tsaya wuri ɗaya, kada kuma ya yi ja." Domin ƙarfen da aka gasa har ya yi ja ƙarfinsa yakan canja, wannan kuwa shi ke ɗauke da rayukan mutane.

Daga baya na zauna na yi lissafin a bayan littafina. Ƙarfe yakan ƙaru da wajen kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kan kowane digiri ɗaya na zafi. In ramin yana da faɗin milimita 70, aka ƙara masa zafin digiri 200, zai buɗe da wajen milimita 0.17. Bai kai kaurin takardar littafi biyu ba. Sai dai dole a yi sauri, domin in aka daɗe zafin zai ratsa har cikin hob, shi ma ya kumbura, a koma gidan jiya.

A karo na farko bai fita ba. Kawu ya ce a bari ya huce. Da ya huce ya ƙara zuba mai, muka ga yana tsotsewa cikin layin kamar ƙasa ta samu ruwan farko. Ya ce faɗaɗawa da tsukewar nan su ke farfasa tsatsa, gama ita ba ta da danƙo irin na ƙarfe. Muka yi sallar azahar, muka ci ɗanwake. Baba ya kasa ci. Aka goge man, aka sake jiƙa buhuna, aka sake kunna wuta. Wannan karon Kawu ya kwanta a ƙarƙashi da wani guntun bututu mai kauri. Dattijo yana janye wuta ya ɗora bututun a bayan hob ta cikin ramin, ya ce da babban yaronsa, "To, ga dukanka uku. Da matsakaiciyar guduma, a miƙe."

Na farko, ƙarar nan dai ta ƙarfe guda. Na biyu, sai muryar ta canja, ta zama kamar an bugi fasasshiyar tukunya. Na tsuguna na duba, sai ga wani baƙin layi siriri kamar gashi ya bayyana tsakanin hob da faranti. Na ce, "Kawu, ya buɗe!" Ba a kai ga na uku da ƙarfi ba. Hob ya zamo ya tsaya a kan notin nan biyu, garin tsatsa ya zubo ƙasa kusan cikin cokali uku. Farantin birki yana nan inda aka matse shi, bututu bai ko motsa ba. Baba ya tashi daga benci ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sake zama, ya jawo kwanon ɗanwaken da ya yi sanyi.

Na ɗauki tsohon hob da tsumma bayan ya huce, na juya shi kusa da kunnena. Sai ƙarar-ƙarar kamar an zuba yashi a ciki. Na juya sabon, ba ka jin komai.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba, amma Kawu bai yarda an yi shi da gaggawa ba. Ya ba ni samfefa na goge cikin ramin da fuskar gatari da ta faranti har suka yi fari, domin in aka bar ɓurɓushin tsatsa sabon hob ba zai zauna daidai ba. Ya shafa giris kaɗan, shafa ɗaya, a bakin ramin. Sabon ya shiga da turin hannu, ba guduma, gama dukan sabon boris yana iya yi wa ƙwallayensa tabo tun bai fara aiki ba. Ya ɗaure noti huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, har suka kama. Ya mayar da wayar ABS, muka duba hoton waya muka jera takalman birki da sifirin kamar yadda suke. Aka wanke cikin duram, aka mayar, aka taka birki, aka ja na hannu, aka duba ko mai yana ɗiga. Aka sa taya, aka sauke mota, aka ƙarasa ɗaure noti biyar tana ƙasa.

Baba ne ya tuƙa, ni da Kawu muna baya. Ya kai ta tamanin, ya karkata hagu, ya karkata dama. Ba abin da muke ji sai iska da ƙarar taya a kan kwalta. Da muka dawo Kawu ya ɗora bayan hannunsa a tsakiyar ƙafar, ya ce in taɓa, da ɗumi kaɗan kawai. Baba ya biya mai walda. Ya miƙa wa Kawu abin da ya rage a aljihunsa, Kawu ya ƙi karɓa, ya ce a ƙara a kuɗin garin ɗan boko, tun da shi ya yi samfefa.

Motar ta yi kwana bakwai tana aiki kafin ranar komawa, Baba yana fita tun asuba. Gari da sukari da sabulu sun samu, ƙuli-ƙuli rabin na kullum, takalmin da aka yi mini alkawari kuwa aka ɗaga shi zuwa hutun tsakiyar zango. Ana gobe zan tafi Kawu ya sa aka kawo motar. Ya kwance notin hob na hagu ɗaya bayan ɗaya, ya goge su ya mayar, ya ɗiga mai ta bayan ramin, ya ba Baba sauran a kwalba ya ce ya riƙa ɗigawa duk ran da aka canja baƙin mai, domin na hagun ma a Kanada ya girma.